Imalsifaya: Sinadarin Da Ke Sa Burodin Kamfani Ya Tashi Kuma Ya Daɗe Da Laushi

Kafin mai saye ya biya kuɗin burodi a teburin mai shayi ko a shago, yakan fara matsa shi da yatsu ta cikin leda. Idan ya lotsa ya dawo, sai a ɗauka. Idan ya yi tauri, sai a mayar a ɗauko wani. Wannan ɗan matsi shi ne jarrabawar da kowane gidan burodi yake zaunawa kullum, kuma wanda ya faɗi, da yamma motarsa za ta dawo masa da kayan da ba su shiga ba, ga kuɗin fulawa da sukari da man inji sun riga sun tafi.

Burodin da aka kwaɓa a gida da fulawa da ruwa da gishiri da yis yakan fara ƙandarewa cikin kwana guda. Na kamfani kuwa yana iya kwana uku ko fiye yana lotsawa. Babban dalilin wannan bambanci shi ne wasu sinadarai da ake zubawa a kwaɓi, waɗanda yawansu bai kai rabin kilo ba a buhun fulawa guda. Daga cikinsu akwai rukunin da ake kira imalsifaya. Wannan darasi zai bayyana abin da suke, da yadda suke aiki, da yadda ake auna su, da kuma abin da masana suka gano game da lafiyar mai cin su.

Mene ne imalsifaya?

Ruwa da mai ba sa ga maciji. Idan aka zuba man gyaɗa a kofin ruwa aka girgiza, za su gauraya na ɗan lokaci, da an ajiye sai man ya taso sama. Imalsifaya sinadari ne da ke shiga tsakaninsu ya hana su rabuwa. Kowace ƙwayar sinadarin tana da ɓangare biyu: kai mai son ruwa, da jela mai son mai. Jelar tana nutsewa cikin ɗigon mai, kan yana fuskantar ruwa, sai ɗigon ya samu riga da ke hana shi haɗewa da 'yan uwansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ɗakin girki. Madarar shanu ruwa ce da ke ɗauke da ƙananan ɗigon mai, kowanne a lulluɓe da siririyar fata. Mai kaɗa nono tana fasa wannan fatar ne da kaɗawa, shi ya sa man shanu yake dunƙulewa ya rabu. Sabulu ma da wannan dabara yake ɗauke maiƙo daga kwano. Gwaiduwar ƙwai kuwa tana da nata imalsifaya da ake kira lesitin, wanda masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Théodore Gobley, ya ware daga gwaiduwa a tsakiyar shekarun 1840, ya kuma raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin gwaiduwa.

A shekarar 1949 wani masani a Amurka mai suna William Griffin ya fito da ma'aunin da ake kira HLB, daga 0 zuwa 20, domin nuna inda sinadari ya fi karkata. Mai ƙaramar lamba ya fi son mai, mai babbar lamba ya fi son ruwa. Har yanzu masana'antun abinci na amfani da wannan ma'auni.

Sai dai a cikin burodi, haɗa ruwa da mai ƙaramin ɓangare ne na aikin. Abin da ya sa gidajen burodi ke sayen imalsifaya shi ne yadda yake manne wa abubuwa biyu da ke cikin fulawa: furotin da sitaci.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓi

Fulawar burodi tana ɗauke da sitaci kimanin kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari, da furotin kimanin kashi 11 zuwa 13, da ɗan mai na asali da bai wuce kashi 2 ba, sauran kuma danshi ne. Idan aka zuba ruwa aka fara kwaɓi, furotin iri biyu da ke cikin alkama, giliyadin da gulutenin, sai su sarƙe su zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Mai son ganinsa da ido zai iya kwaɓa fulawa kaɗan, ya bar ta ta huta, sannan ya riƙa wanke ta a cikin ruwa har farin sitacin ya fita. Abin da zai rage a hannu kamar cingam, shi ne gulutin.

Yayin kwaɓi, iska tana shiga kwaɓin ta zama dubban ƙananan kumfa. Yis ba ya ƙirƙirar sabon kumfa. Aikinsa shi ne cin sukari ya fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda ke shiga cikin kumfan da ke akwai tana hura su kamar balan-balan. Gulutin shi ne bangon da ke riƙe da su. Yayin da kumfa ke girma, bangon da ke tsakanin kowane biyu yana ƙara sirancewa. Idan ya yage kafin lokaci, ƙananan kumfa su haɗe su zama manyan ramuka, iska ta tsere, burodi ya zauna.

A cikin obin, iskar tana ƙara buɗewa saboda zafi, kwaɓin ya yi tashinsa na ƙarshe. Idan zafin ciki ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, yis ya mutu, sitaci ya fara shan ruwa yana kumbura yana dahuwa, daga nan ginin burodin ya fara tsayawa. Duk fafutukar mai gasa burodi ita ce bangon kumfan nan ya jure har zuwa wannan gaɓa.

Yadda inji ya kawo buƙatar sinadari

Shekaru dubbai ana gasa burodi ba tare da imalsifaya ba, domin ana kwaɓa shi da hannu, a bar shi ya tashi a hankali, a cinye shi a ranar. Buƙatar ta taso ne lokacin da burodi ya zama kayan masana'anta. A shekarar 1928 aka fara sayar da yankakken burodi a garin Chillicothe na jihar Missouri a Amurka, da injin da Otto Rohwedder ya ƙera. Burodin da za a yanka, a naɗe, a ɗora a mota zuwa wani gari, dole ya zama mai laushin da zai jure kwanaki. A shekarun 1930 kamfanonin Amurka suka fara zuba monogilisarid a cikin kitsen da ake yin kek da burodi da shi.

Babban sauyi ya zo a 1961 a Ingila, lokacin da cibiyar binciken masu gasa burodi da ke garin Chorleywood ta fito da sabuwar hanya. Maimakon a bar kwaɓi ya yi awanni yana nuna, sai a zuba shi a inji mai gudun gaske, ya buge shi cikin 'yan mintuna. Da wannan hanya ana iya tashi daga fulawa zuwa yankakken burodi a leda cikin kimanin awa uku da rabi, kuma ana iya amfani da alkamar Ingila wadda furotin ɗinta bai kai na alkamar Kanada ba. Yawancin burodin da ake ci a Birtaniya a yau ta wannan hanya ake yin sa, kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Saurin yana da tsada. Kwaɓin da inji ya buga, wani inji ya yanka, wani ya mulmula, bel ya ja shi yana jijjiga zuwa ɗakin tashi, yana shan wahalar da kwaɓin hannu ba ya sha. Tun farko hanyar Chorleywood ta dogara da ɗan daskararren kitse da sinadarin ƙarfafa gulutin, daga baya imalsifaya suka zama ruwan dare a cikinta. A Amurka ma a wannan shekara ta 1961 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da amfani da CSL, ɗaya daga cikin imalsifayan da kamfanin C.J. Patterson na birnin Kansas ya samar domin burodi.

Aiki na farko: ƙarfafa kwaɓi

Masu sana'a sun kasa imalsifayan burodi gida biyu bisa aikinsu. Rukunin farko su ne masu ƙarfafa kwaɓi, kuma jagoransu shi ne DATEM, sai SSL da CSL.

Waɗannan sinadarai suna manne wa furotin ɗin gulutin ta ɓangaren jelarsu. Masana na ganin cewa mannewar tana rage tunkuɗar juna da ke tsakanin zaren furotin, sai su ƙara matsowa su sarƙe da kyau. Bayan haka, sinadaran suna jeruwa a fuskar kowane kumfa, inda iska ta haɗu da ruwan kwaɓi, su zama bango na biyu. Ko gulutin ya fara yagewa a wani wuri, wannan siririn bango yana ci gaba da riƙe iskar na ɗan lokaci.

Abin da mai gidan burodi yake gani a ƙasa shi ne kwaɓi yana jure kuskure. Idan inji ya ɗan zarce lokacin kwaɓi, bai lalace ba. Idan wuta ta ɗauke ko obin bai yi zafi da wuri ba, kwaɓin da ya gama tashi yana iya jira na ɗan lokaci bai zube ba. Idan yaro ya dunguri gwangwani yayin ɗauka, burodin bai sace ba. Bayan gashi kuma burodin ya fi girma, cikinsa ya fi fari, ramukansa ƙanana ne masu kama da juna. Farin nan ba rini ba ne: ƙananan ramuka sun fi manya mayar da haske, shi ya sa ido ke ganin cikin burodin ya fi fari.

Aiki na biyu: jinkirta tauri

Mutane da yawa suna zaton bushewa ce kaɗai ke sa burodi tauri. Tun a 1852 masanin Faransa Jean-Baptiste Boussingault ya gwada rufe burodi ruf yadda danshi ba zai fita ba, amma duk da haka ya ƙandare, kuma da aka ɗumama shi laushi ya dawo. Duk wanda ya san tuwon da ya kwana ya san wannan. Tuwon da aka tuƙa da daddare yana da laushi, da safe ya yi tauri ko da an rufe shi, idan kuma aka yi ɗumame sai ya saki.

Dalilin yana cikin sitaci. Sitacin alkama iri biyu ne: amilos, mai siffar dogon zare, wanda ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, da amilofektin, mai rassa kamar bishiya, wanda shi ne sauran. Zafi da ruwa suna warware tsarinsu, shi ne dahuwa. Da an sauke, sai su fara komawa su jeru su ƙanƙame juna. Amilos yana yin nasa cikin awannin farko da burodi ke hucewa, shi ne ma yake ba burodi tsayuwar da za a iya yanka shi. Amilofektin kuwa a hankali yake yin nasa, cikin kwanaki, kuma shi ne babban mai kawo taurin kwana biyu da kwana uku. Sanyin firij yana ƙara wa wannan aiki sauri, don haka burodin da aka ajiye a firij ya fi na kan tebur saurin ƙandarewa. Daskarewa a firiza ce ke tsayar da shi.

A nan rukuni na biyu ke shigowa, wato masu tausasa cikin burodi, kuma jagoransu shi ne monogilisarid. Zaren amilos yana iya naɗewa kamar sifirin, ya bar rami a tsakiya. Miƙaƙƙiyar jelar monogilisarid tana shigewa cikin ramin ta zauna daram. Amilos ɗin da aka kama haka ba ya samun damar fita daga ƙwayar sitaci ya ƙanƙame 'yan uwansa, ƙwayar sitacin ma ba ta kumbura sosai. Sakamakon shi ne burodi yana fitowa da laushi tun farko, kuma taurinsa yana zuwa a hankali. Jinkirtawa ce kawai: ba a samu sinadarin da ke hana burodi tsufa gaba ɗaya ba.

Manyan nau'uka da lambobinsu

A jikin leda, musamman ta kayan da suka bi tsarin Turai, akan rubuta lamba mai farawa da harafin E maimakon dogon suna. Ga waɗanda suka fi yawa a burodi.

Lesitin, E322. Yawanci daga waken soya ake samunsa yayin tace mai, wani lokaci daga irin sanfulawa. Ƙarfinsa a burodi matsakaici ne, amma yana sa kwaɓi ya yi santsi ya daina kama inji.

Mono da daigilisarid, E471. Ana yin su ta hanyar dafa kitse ko man tsiro tare da gilisarin a zafi mai tsanani. Idan aka ƙara tacewa, akan samu wanda monogilisarid ɗinsa ya kai kashi 90 ko fiye. Shi ne gwanin laushi, amma ba ya ƙara wa kwaɓi wani ƙarfi sosai. Yana ƙasa-ƙasa a ma'aunin HLB, wato ba ya narkewa a ruwan sanyi, shi ya sa ake sayar da shi a matsayin gari mai laushin gaske ko kuma kirim da aka riga aka haɗa da ruwa.

DATEM, E472e. Monogilisarid ne da aka ɗaura masa wani ɓangare daga sinadarin tatarik, irin tsamin da ke cikin tsamiya da inabi. Shi ne gwanin girma da ƙarfin kwaɓi, amma ba ya kai E471 wajen laushi.

SSL, E481, da CSL, E482. Ana haɗa su daga sinadarin sitiyarik na kitse da sinadarin laktik, irin tsamin da ke cikin nono, sannan a ƙara sodiyam ga na farko, kalsiyam ga na biyu. SSL ya yi fice saboda yana taɓa aiki biyun: yana ƙarfafa kwaɓi, yana kuma kama sitaci.

Folisobet 60, E435. Yana sama a ma'aunin HLB, kusan 15, kuma an fi amfani da shi a Amurka, sau da yawa tare da monogilisarid.

Tun da babu guda ɗaya da ya fi kowa a komai, kamfanoni sukan haɗa biyu, misali DATEM domin girma da E471 domin laushi. Ƙananan gidajen burodi ba su cika sayen su ɗai-ɗai ba. Abin da suke saya shi ne garin da suke kira imfuruba, wanda haɗi ne na imalsifaya da sinadarin askobik, wato bitamin C, da wasu inzayim, a gauraye da fulawa ko sitaci domin a ji daɗin aunawa.

Awo da lissafi

A sana'ar burodi komai da nauyin fulawa ake auna shi. Imalsifaya yawanci tsakanin kashi 0.2 ne zuwa 0.5 cikin ɗari na nauyin fulawa. Dokar Amurka ta ƙayyade SSL da CSL a burodi kada su wuce kashi 0.5. A buhun fulawa mai kilo 50, kashi 0.3 shi ne giram 150, kashi 0.5 kuma giram 250. Wannan lissafi na zallar sinadarin ne. Idan imfuruba ne, sai a bi adadin da kamfanin ya rubuta a jiki, domin kowane haɗi da ƙarfinsa.

Awo irin wannan sai da sikeli mai nuna giram. Mai aunawa da gwangwanin madara ko da hannu yana iya ninka adadin bai sani ba, kuma wuce gona da iri yana da illa. Idan mai ƙarfafa kwaɓi ya yi yawa, burodi kan tashi fiye da abin da jikinsa zai ɗauka, sai gefensa su lotsa ciki yayin hucewa. Idan mai tausasawa ya yi yawa, cikin burodi kan rasa danƙo, ya riƙa marmashewa ko ya dunƙule a baki, wuƙar inji ma ta kasa yanka shi da kyau.

Ajiya ma tana da muhimmanci a ƙasa mai zafi. SSL yana narkewa a zafin da bai wuce wajen digiri 50 ba, yana kuma jan danshi, don haka a ɗakin ajiya mai rufin kwano a watan Afrilu yana iya dunƙulewa ya ƙi bazuwa a kwaɓi. DATEM idan ya sha danshi yakan fara lalacewa ya riƙa warin binega. A ajiye su a rufe, a wuri mai sanyi, nesa da obin.

Manyan masana'antu suna da na'urorin gwaji. Farinogiraf, ƙirar kamfanin Brabender na Jamus, yana kwaɓa fulawa kaɗan yana zana yadda ƙarfin kwaɓin ke hawa da sauka. Albiyogiraf, ƙirar Chopin na Faransa, yana hura kwaɓi kamar balan-balan har ya fashe. Akwai kuma na'urar da ke danna yankan burodi ta auna ƙarfin da ta yi amfani da shi, wato matsin mai saye da aka mayar lissafi.

Ƙaramin gidan burodi yana iya yin nasa gwaji ba tare da waɗannan ba. A kwaɓa fulawa kilo 5 sau uku daga buhu ɗaya: na farko babu sinadari, na biyu da giram 15, na uku da giram 25, komai da komai iri ɗaya. Bayan sun tashi, a ɗaga gwangwani ɗaya daga kowane rukuni kaɗan a sake shi a kan tebur, a ga wanda ya zauna. Bayan gashi, a auna girma ta hanyar sa burodin a bokiti a cika da gero, a ga yawan geron da ya ture. Sannan a ajiye su a leda a riƙa matsawa kullum har kwana huɗu. Adadi mafi ƙanƙanta da ya ba da sakamakon da ake so, shi ne daidai.

Abin da imalsifaya ba ya yi

Ba ya hana fumfuna. Wannan aikin wani sinadari ne daban, kalsiyam furofiyonet, E282, tare da tsafta da barin burodi ya huce sosai kafin a sa shi a leda. Akwai ma haɗari a nan: burodin da ke da laushi a kwana na huɗu yana iya yaudarar mai saye ya zaci sabo ne, alhali fumfuna ta fara ko kuma cikinsa ya fara yauƙi da wari. Laushi ba shaidar sabunta ba ce, ranar da aka buga a leda ita ce abin dubawa.

Haka kuma imalsifaya ba buromet ba ne. Fotasiyam buromet sinadari ne da ke ƙarfafa gulutin ta wata hanya daban, yana da arha, yana kuma sa burodi ya kumbura sosai. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar ga ɗan Adam. Birtaniya ta haramta shi a 1990, Kanada a 1994, a Najeriya kuma hukumar NAFDAC ta haramta shi, ta kuma yi yaƙi da shi sosai a zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili. Haɗin bitamin C da inzayim da imalsifaya shi ne halattacciyar hanyar da ta maye gurbinsa. Mai gidan burodin da ya sayi farin gari ko ƙwaya marar suna da lambar rajista saboda arha, yana iya zuba wa jama'a buromet da sunan imfuruba.

Burodin da aka haɗa da rogo

Najeriya tana shigo da mafi yawan alkamar da take ci daga waje, shi ya sa tun zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo aka fito da manufar zuba garin rogo kashi 10 cikin ɗari a fulawa, aka kuma sake tayar da batun a zamanin Goodluck Jonathan lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma. Cibiyar IITA da ke Ibadan da cibiyar FIIRO da ke Oshodi sun yi aiki a kan wannan burodi.

Matsalar ita ce rogo ba shi da gulutin. Duk kilo guda na rogo da aka zuba, an rage bangon da ke riƙe iska, an kuma ƙara sitacin da zai ƙandare. Haka abin yake da dawa da gero da masara. A irin wannan haɗi ne amfanin DATEM da SSL yake fitowa fili, domin suna taimaka wa ɗan gulutin da ya rage ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma suna da iyaka: suna ƙarfafa gulutin da ke akwai ne, ba sa ƙirƙirar sabo, don haka idan rogon ya yi yawa burodin zai yi nauyi komai sinadarin da aka zuba.

Batun lafiya da halacci

Hukumomin kula da abinci na ƙasashe da dama sun amince da waɗannan sinadarai a adadin da ake amfani da shi. A 2017 hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake nazarin E471 da lesitin, ta ce ba ta ga abin damuwa ba, domin jiki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da mai. Hasali ma, hanji da kansa yana mayar da man da aka ci monogilisarid kafin ya tsotse shi. Ga SSL da CSL kuwa, kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya sa iyakar miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana.

Duk da haka maganar ba ta rufu ba. A 2015 Benoit Chassaing da Andrew Gewirtz na Jami'ar Jihar Jojiya a Amurka sun wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa folisobet 80 da wani sinadari mai lamba E466 sun sauya ƙwayoyin halittar da ke hanjin ɓeraye, sun kuma jawo kumburi. Waɗannan biyun ba su ne manyan imalsifayan burodi ba, kuma a kan ɓeraye aka yi gwajin. A 2024 kuma wani babban bincike a Faransa mai suna NutriNet-Santé, wanda ya bi mutane fiye da 90,000 na tsawon shekaru, ya gano cewa masu yawan cin E471 sun ɗan fi sauran kamuwa da wasu nau'ukan cutar daji. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa sinadarin ne sanadi ba, domin mai yawan cin E471 shi ne kuma mai yawan cin biskit da kek da sauran kayan leda. Abin da za a ɗauka a nan shi ne kada kayan masana'anta su zama su ne abincin mutum safe da rana da dare.

Ga Musulmi akwai wata tambaya. E471 da DATEM da SSL duk daga kitse ake yin su, kuma kitsen yana iya zama na manja ko waken soya, yana iya zama na dabba, har da alade. Lambar E ba ta nuna asali. Yawancin abin da ke kasuwa a yau daga man tsiro ne, musamman manja, amma tabbaci yana cikin takardar da kamfani ke bayarwa ko tambarin halal a jikin buhu. Haƙƙin neman wannan takarda yana kan mai gidan burodi, tun da mai saye ba ya ganin buhun.

Inda fasahar ta dosa

A ƙasashen Turai da Amurka masu saye suna ƙara gudun ledar da ke cike da lambobi. Faransa ma tun 1993 ta kafa dokar da ta hana zuba irin waɗannan sinadarai a burodin da za a kira na gargajiya. Wannan ya sa kamfanoni suka karkata ga inzayim. Akwai nau'in lifes da ke sarrafa ɗan man da ke cikin fulawa tun asali ya mayar da shi imalsifaya a cikin kwaɓin, ya yi aiki irin na DATEM. Akwai kuma nau'in amiles da ke datse rassan amilofektin yayin gashi yadda ba za su iya ƙanƙame juna da sauri ba, kamar Novamyl da ya shigo kasuwa daga Denmak a wajen 1990. Giram kaɗan na inzayim ya isa buhu, kuma zafin obin yana kashe aikinsa, shi ya sa a ƙasashe da yawa ba a tilasta rubuta shi a leda ba.

Ga mai gidan burodi, abin yi a bayyane yake: ya san abin da ke cikin imfurubar da yake saya, ya tabbatar tana da lambar rajista da shaidar asalin kitsenta, ya auna da sikeli, ya kuma gwada kafin ya sauya adadi. Ga mai saye kuwa, bayan matsa burodin da yatsu, yana da kyau ya juya ledar ya karanta abin da aka rubuta a bayanta da ranar da aka gasa shi.